A Koyar da Adon Maganar Turanci ta Hanyar Hausar da Yaro Ya Riga Ya Sani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani sashe na Turanci da ke kayar da 'ya'yanmu a jarrabawa, yake kuma jefa manyanmu cikin kuskuren fahimta a ofis da kotu da asibiti. Ina nufin adon maganar Turanci, wanda masu harshen ke kira "idioms", da kuma aikatau masu ɗan rakiya, waɗanda suke kira "phrasal verbs". Ni malamin Turanci ne a makarantar sakandare, kuma abin da na tabbatar a cikin wannan aiki shi ne yaranmu ba su da ƙarancin basira, hanyar da muke bi wajen koya musu wannan sashe ce ba ta ɓullewa.

Yadda aka saba shi ne malami ya cika allo da jerin maganganu, kowace da ma'anarta a gefe, yara su kwafa, su haddace, su jira ranar da WAEC ko NECO ko JAMB za su tambaye su, su zaɓi amsa ɗaya daga cikin waɗanda aka jera. Da an fito daga ɗakin jarrabawa sai haddar ta zube, domin tun farko ba a ɗora ta a kan komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne irin maganganun da ake zaɓa. Kusan kowane ɗalibi ya san cewa "it is raining cats and dogs" na nufin ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, alhali masu harshen kansu ba su cika faɗarta a zancen yau da kullum ba, amma ɗalibin nan ba zai iya bambanta "call off" da "put off" ba, waɗanda zai gamu da su a kanun labarai kusan kowace safiya. Na farko soke abu ne gaba ɗaya, na biyu kuwa ɗage shi ne zuwa wani lokaci, kuma wanda ya rikita su zai iya zama a gida ranar da ake nemansa, ko ya kashe kuɗin mota zuwa taron da aka fasa.

Babu wani dalili da zai sa Bahaushe ya ga wannan sashe a matsayin baƙon abu, domin harshensa cike yake da irinsa. A ɗauki kalmar "ci" kaɗai. Muna cin abinci, amma kuma muna cin jarrabawa, mu ci zaɓe, mu ci bashi, mu ci kasuwa, a ci mutum tara, wani ya ci amana, wani ya ci mutunci, wani ya ci sarauta, aiki kuma ya ci gaba. Haka "sha" take: a sha ruwa, a sha wahala, a sha iska, a sha kashi, a sha alwashi, wanda ransa ya ɓaci kuma ya sha kunu. Yaron da ke firamare ba ya tsammanin wanda ya kashe kuɗi ya yi kisan kai ne, ba ya kuma neman jini a jikin wanda aka ce yana da farin jini. Ya san cewa idan kalmomi biyu suka haɗu, wani lokaci sukan haifi ma'ana ta uku wadda ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu. Wannan sani shi ne tushen darasin gaba ɗaya, kuma yaron ya shigo aji da shi, sai dai mu malamai ba ma tambayarsa.

Abin da Turanci ke yi shi ne ya ɗauki ƙananan aikatau irin su "give" da "put" da "take" da "get" da "look", ya haɗa su da wasu 'yan kalmomi kamar "up" da "down" da "in" da "out" da "off", wato 'yan rakiya, sai ma'ana ta sauya. "Give" bayarwa ce, amma "give up" daina abu ne ko fid da rai, "give in" miƙa wuya ne bayan an matsa wa mutum, "give away" kyautar da abu ne ko tona asiri, "give out" kuwa rarrabawa ce. "Look after" kula da wani ne, "look into" bincike ne, "look down on" raini ne, "look up to" kuma girmama mutum ne da ɗaukarsa abin koyi. Idan aka jera su haka kurum, sai su zama tarkace masu wuyar riƙewa, kuma a nan ne nake ganin Hausa za ta yi mana babban amfani.

Masu nazarin Hausa, tun daga aikin F. W. Parsons na 1960, sun nuna cewa aikatau a harshenmu yana da siffofi bakwai, kuma wasalin da ke ƙarshensa yana ƙara masa ma'ana. Abin da Bature ke yi da ɗan rakiya, Bahaushe yana yinsa ne da wannan wasali. Muna cewa ya fita, ya fito, ya fitar, ya fice, inda Bature zai ce "go out" da "come out" da "take out". Muna cewa ya koma da ya komo, shi kuma ya ce "go back" da "come back". Mafi ban sha'awa shi ne wasalin da ke nuna an gama abu ƙarƙaf, kamar a ci da cinye, sha da shanye, saya da saye, cika da cike. Wannan shi ne ainihin aikin da "up" ke yi a cikin "eat up" da "drink up" da "buy up" da "fill up" da "use up". Ɗalibi yakan ruɗe idan aka gaya masa cewa "up" na nufin sama, sannan ya ga an ce "the well has dried up", ya rasa abin da ya haɗa rijiya da sama. Amma da zarar an ce masa rijiyar ta ƙafe ne, kamar yadda ake cinye tuwo, sai ka ga ya gane, kuma daga ranar shi da kansa zai iya hasashen ma'anar "tear up" da "lock up" da "burn up" ba tare da ya buɗe ƙamus ba. Darasin da aka yi ta wannan hanya ya fi shafi goma na hadda zama a kai.

Sauran 'yan rakiyar ma kowace tana da inda ta fi karkata. "Off" takan nuna rabuwa ko yankewa, shi ya sa "cut off" yankewa ne, "lay off" sallamar ma'aikata ce, "see off" raka matafiyi ne, "take off" kuma cire tufa ne ko tashin jirgin sama daga ƙasa. "Down" takan nuna raguwa ko tsayawa: mota ta lalace a hanya an ce "break down", an ƙi karɓar tayi an ce "turn down", an ba mutum kunya bayan ya dogara da kai an ce "let down". "Out" tana da fuska biyu, ko dai ƙarewa, kamar "run out of" ga wanda mai ko kuɗi ya ƙare masa da "put out" ga kashe gobara, ko kuwa bayyana, kamar "find out" ga ganowa da "break out" ga ɓarkewar annoba ko faɗa. Wannan ƙa'ida ba ta game kowane aikatau ba, kuma wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa haka. Babu wani lissafi da zai kai mutum ga cewa "put up with" na nufin jurewa da haƙuri, ko "go off" na iya nufin bam ya tashi ko abinci ya lalace. Irin waɗannan sai an riƙe su, amma a riƙe su a cikin cikakkiyar jimla, kamar yadda muka riƙe "sha kunu" daga bakin iyayenmu.

Akwai kuma batun tsarin jimla, wanda zan taɓa a taƙaice. Wasu daga cikin waɗannan aikatau ana iya raba su da ɗan rakiyarsu, a ce "turn down the offer" ko "turn the offer down", amma idan wakilin suna ne dole ya shiga tsakiya, a ce "turn it down". Wasu kuwa ba sa rabuwa, kamar "look after him". Sannan ga kuskuren da nake yawan gani a ƙarshen takardun neman aiki, inda ake rubuta "I look forward to hear from you", alhali daidai shi ne "to hearing from you". Ƙaramin abu ne, amma mai tantance takardu yakan lura da shi.

Mai karatu zai iya ɗauka wannan magana ta 'yan makaranta ce kawai, don haka bari in kawo misalai daga rayuwar ƙasa. Lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta koma aiki a watan Oktoba na 2022, bayan yajin aikin wata takwas da ta fara a watan Fabrairu, kalmar da ta yi amfani da ita ita ce "suspend", wato jingine yajin, wadda ta bambanta da "call off", wato janye shi ɗungurungum. Iyayen da aka fassara wa duka biyun da kalma ɗaya ba su sami cikakken labari ba. A watan Agusta na 1993, da Janar Ibrahim Babangida zai bar mulki, "step aside" ya ce, wato komawa gefe, kuma mutane sun daɗe suna tattauna dalilin da ya sa ya zaɓe ta a maimakon "step down", wadda ta fi nuna sauka kai tsaye. A kotu kuma, idan alƙali ya yi "strike out" na ƙara, a mafi yawan lokuta mai ƙara na iya gyara kuskurensa ya sake shigar da ita, amma idan ya yi "dismiss" bayan sauraron hujjoji, hanyar da ta rage ita ce ɗaukaka ƙara. Sau da yawa muna jin an fassara su duka da "kotu ta yi watsi da ƙara", magoya bayan wani ɓangare su fita murna a kan shari'ar da ba ta mutu ba. Na asibiti ya fi tayar da hankali, domin "pass out" suma ce, "pass away" kuwa rasuwa ce, sannan "passing out" da ake faɗa wa masu yi wa ƙasa hidima da sababbin sojoji yaye su ne bayan kammala hidima ko horo. Wanda aka aiko wa saƙon waya da ɗaya daga cikin waɗannan, yana da haƙƙin ya san wanne ake nufi.

Sanin ma'ana kaɗai bai wadatar ba, sai an san muhallin da ake faɗin magana. Turanci yana da kalmomi rukuni biyu saboda tarihinsa: bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin harshen ta hanyar fada da kotu da coci, suka zauna kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin kalmomin talakawa. Shi ya sa ake da "put off" da "postpone", da "look into" da "investigate", da "put up with" da "tolerate". Na farkon su ne na hira da kanun jarida, na biyun kuma sun fi dacewa da takardar hukuma. Bahaushe ya san irin wannan bambanci sarai, domin ya san tazarar da ke tsakanin ya mutu, da ya rasu, da ya yi wafati, da ya riga mu gidan gaskiya, da ya sheƙa barzahu. Duk mutuwa suke nufi, amma ba wanda zai shiga gidan makoki ya yi amfani da ta ƙarshen. To, "kick the bucket" a wannan matsayi take, magana ce ta wasa da rashin girmamawa, kuma na ga ɗalibai sun rubuta ta a wasiƙar ta'aziyya da kyakkyawar niyya, saboda a allo an rubuta musu cewa ma'anarta mutuwa, ba a ƙara musu komai ba. Alhakin wannan yana wuyan malami.

Idan aka zo ga dogayen maganganu masu kama da karin magana, Hausa ta fi kowane ƙamus saurin isar da saƙo. "Once bitten, twice shy" ita ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. "A bird in the hand is worth two in the bush" ita ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. "Between the devil and the deep blue sea" ita ce gaba kura, baya sayaki. "The pot calling the kettle black" ita ce gwano ba ya jin warin jikinsa. "Beat about the bush" kwana-kwana ce, "let the cat out of the bag" fasa ƙwai ne, "pull someone's leg" kuma zolaya ce. Wasu kuwa sai an ba yaro ɗan tarihinsu, domin daga sana'o'i da wasannin masu harshen suka fito. "Throw in the towel" daga damben Turawa take, inda mai horar da ɗan dambe ke jefa tawul cikin fage don nuna an sallama. "The ball is in your court" daga wasan tanis take, ma'anarta saura kai. "Red tape" ta samo asali daga jan zaren da ake ɗaure takardun gwamnati da shi, ta zama sunan jan ƙafa da yawan ƙa'idojin ofis. "Carry coals to Newcastle" ba za ta yi ma'ana ba sai an san cewa Niyukasil gari ne a arewa maso gabashin Ingila da ya shahara a da wajen fitar da kwal, don haka kai masa kwal daidai yake da kai gishiri Bilma, garin gishiri da ke Nijar.

Sai dai a nan ma akwai wurin taka tsantsan, kuma da abokan aikinku masu fassara labarai nake. Ba kowace magana ce ke da takwararta daidai wa daida ba. "The tip of the iceberg" ana yawan mayar da ita somin taɓi, amma somin taɓi na nufin abin yanzu ya fara, ita kuwa ta Turancin na nufin abin da ya fito fili kaɗan ne, mafi yawansa yana ɓoye. "White elephant" na nufin abu mai tsada wanda ɗawainiyarsa ta fi amfaninsa, ta yi kusa da aikin baban giwa amma ba su zama ɗaya ba, kuma wanda ya rubuta "farar giwa" bai gaya wa mai karatu komai ba. Wasu fassarorin kai tsaye sun riga sun zauna, kamar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba tunda hoton da ke ciki a fili yake. Amma inda hoton bai isa ga manomi ko mai sayar da kayan miya ba, gara a bar shi a faɗi ma'anar da Hausa miƙaƙƙiya.

Dole in ce wani abu game da Turancinmu na Najeriya, domin ba na cikin masu ganin duk abin da ya saɓa wa na Landan kuskure ne. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Okusfod ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da Kannywood da "rub minds", wato yin shawara tare, da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Wannan shaida ce cewa Turancinmu yana da matsayinsa. Amma adalci ga ɗalibi shi ne a sanar da shi cewa a Ingila "put to bed" kwantar da yaro barci ne, kuma "take in", wadda muke faɗa ga mace ta ɗauki ciki, a can tana nufin fahimta ko yaudara. A sanar da shi cewa "I am coming" da yake faɗa yana tafiya, "ina zuwa" ce ta Hausa ya sanya wa rigar Turanci, kuma baƙo zai tsaya yana jiran ya matso. Haka nan masu jarrabawa suna neman "cut your coat according to your cloth" da "more power to your elbow" da "round off" ga kammala taro, ko da kuwa a titi ya saba jin "size" da "grease" da "round up" a madadin "cloth" da "power" da "round off". Ya san duka biyun, ya kuma san inda kowanne ke aiki.

Na san za a ce shigar da Hausa cikin darasin Turanci zai hana yara sabawa da Turancin, kuma har yau akwai makarantun da ke hukunta ɗalibi don ya yi magana da harshen gidansu. Ina girmama niyyar masu wannan ra'ayi, amma abin da nake nema bai kai yadda suke tsoro ba. Minti biyar na Hausa a buɗe ma'ana, sauran lokacin kuma a yi shi cikin Turanci, yara suna gina jimlolinsu, suna karanta kanun jarida suna tsamo aikatau masu ɗan rakiya, suna faɗin wa za a iya gaya wa wannan magana, wa kuma ba za a iya ba. Yaron da aka hana shi kwatantawa a fili, yana kwatantawa a zuciyarsa ba tare da mai gyara masa ba, kuma daga nan ne kurakuran da muke kuka da su suke fitowa.

Saboda haka, ya Edita, roƙona shi ne wannan jarida ta ware ɗan fili a kowane mako, ko da rabin shafi ne, inda za a ɗauki maganganu uku ko huɗu daga labaran Turanci na wannan makon, a bayyana ma'anarsu da Hausa, a nuna muhallinsu, a kawo takwarorinsu idan akwai, a kuma faɗi gaskiya idan babu. Malaman ƙauye da ba su da ɗakin karatu za su yanke shafin su shiga aji da shi, 'yan kasuwa da ma'aikata da suka bar makaranta tuntuni za su amfana, masu karatu kuma za su iya aiko da karin maganar garuruwansu, tunda abin da Basakkwace zai kawo ba lallai ne Bakano ya san shi ba. A shirye nake in ba da gudummawar rubutu idan aka buɗe filin, kuma na san malamai da yawa da za su yi haka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani malamin Turanci,
Zariya, Jihar Kaduna.